Fijo Mai Ƙafa Biyu: Yadda Muka Yi Da Tsohon Keken Ɗan Ƙanwata

Wata Asabar da hantsi ɗan ƙanwata ya turo keke cikin gidana a Jos, yana tafe yana ɗan ɗingishi. Da ƙyar ya bari muka gama gaisawa. Ya jingine keken da bango kamar wanda ya yi masa laifi, ya zaro waya ya miƙo min. Hotunan kekuna ne wajen shida, duk baƙaƙe, sai sheƙi suke yi.

"Kawu, duba min wanda ya fi a cikin waɗannan. Wancan dai na gaji da shi."

Wancan ɗin da ya gaji da shi, sati uku ke nan da ya saye shi a wurin masu kawo kekuna 'yan Kwatano. Shekararsa ashirin da shida, aikin zama yake yi, tumbi ya fara leƙowa, shi ya sa ya shiga cikin wasu matasa da ke fita bayan sallar asuba duk Asabar, su bi hanyar Bauchi har Tilden Fulani su juyo. Tafiya lafiya lau, don yawancinta gangara ce. A dawowa ake yin ta. Sati uku a jere shi ne na ƙarshe, har sai an tsaya jiransa a bakin gari. Ranar da ya zo min, wani a cikinsu ya tambaye shi ko gadon kaka ya ci. Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma ta ciki na ciki.

Ni ba sana'ata gyaran keke ba ce. Na dai fi shekara ashirin ina hawan keken tsere, kuma da hannuna nake kwance nawa in ɗaura. Na ce masa ya mayar da waya aljihu tukuna, ya kawo min keken tsakar gida inda akwai haske.

Peugeot ne, wato Fijo, fari, da zaki a goshi. Shi a zatonsa wani ne ya manna tambarin mota don burga. Na ce masa ai kamfanin ya fara ƙera keke tun 1882, bai ma san zai yi mota ba, fiye da shekara casa'in kafin a fara haɗa 504 a Kaduna. A kan Peugeot ne Bernard Thévenet ya ci gasar Tour de France, babban tseren keke na Faransa, a 1975, shekarar da ya kayar da zakaran lokacin, Eddy Merckx, ya kuma sake ci a 1977. Wannan bai burge shi ba ko kaɗan, kuma da gaskiyarsa, tarihi ba ya hawa tudu da mutum.

Abin da na fi kula da shi wata 'yar takarda ce da ta kusa gogewa a jikin bututun da ke ƙarƙashin sirdi, da lamba 531 da koren rubutu. Alamar kamfanin Reynolds ce na Birmingham ta Ingila, wanda ya fito da wannan nau'in ƙarfe a 1935, aka yi shekara da shekaru ana cin manyan gasanni da shi. Sirrin bututun shi ne bakinsa biyu sun fi tsakiyarsa kauri: inda ake haɗi akwai nama, tsakiya kuwa ko milimita ɗaya bai kai ba. Shi ya sa yake da ƙarfi ba tare da nauyi ba, kuma in ka ƙwanƙwasa shi da farce za ka ji yana amsawa kamar ƙaramar ƙararrawa, maimakon ƙarar bututun famfo da kekunan kasuwa ke yi. Rubutun Faransancin da ke jiki ya nuna manyan bututu uku ne kawai na 531, fok, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, da ƙafafun firam masu riƙe tayar baya ƙarfe ne gama-gari. Ke nan ba shi ne sarkin gidansu ba, ba kuma bara ba ne. Daga kayan da ke jikinsa na kintata ƙarshen shekarun 1970 aka yi shi.

Kafin a yi maganar riƙewa ko sayarwa, akwai abubuwan da in ɗaya ya faɗi, magana ta ƙare. Na sa yatsa na shafa ƙarƙashin bututun da ya gangaro daga wuya zuwa feda, daf da mahaɗa. Keken da ya taɓa yin karo da gaba, a nan yake ajiye shaida: ɗan kumburi ko tattarewar fenti, wanda ido kan tsallake amma yatsa ba ya tsallakewa. Sumul. Na tsuguna ta gefe na duba ko fok ya koma baya, bai koma ba. Sannan na ɗauko zaren buhu na ɗaura a inda ƙafar baya ke zama ta hagu, na zagayo da shi ta wuyan keken na ɗaure ta dama, na auna tazarar zaren da bututun sirdi ta kowane ɓangare. Bambancin bai wuce milimita biyu ba. Firam ɗin a miƙe yake.

Sandar sirdi ce ta so ta ba mu tsoro. Ta alminiyam ce a cikin bututun ƙarfe, kuma in waɗannan biyun suka daɗe tare babu giris, ruwa na shiga, sai su kama juna kamar an yi musu walda. Kekuna da yawa masu kyau sun zama kayan gwangwan saboda wannan kaɗai. Muka kwance noti, ta ƙi motsi. Muka ɗiga mata mai muka bar ta ta kwana, washegari muka kama sirdin mu biyu muka murɗa, sai ta yi ƙara ta saki. Na haska cikin bututun da fitilar waya: tsatsa ce ta sama-sama, ja kamar garin bulo, ba ta ci ƙarfe ba.

Saura girma, wanda shi ne kan gaba a wurina, don shi kaɗai ne kuɗi ba sa gyarawa. Na sa shi ya tsaya ba takalmi, ya jingina da bango, ya matse littafi a tsakanin cinyoyinsa, na auna daga ƙasa zuwa saman littafin: santimita 83. Firam ɗin 56 ne. Kamar tela ya gwada shi. Da 62 na gani, irin waɗanda ake yawan kawowa daga ƙasashen dogayen mutane, da a nan take zan ce ya nemi mai saye.

A wannan awon ne kuma muka gano abin da ke cin gwiwarsa. Akwai lissafin da Greg LeMond, wani zakaran tseren keke ɗan Amurka, ya yaɗa, cewa a ninka tsawon ƙafa da 0.883 a sami tsayin sirdi daga cibiyar feda. Nasa ya kama santimita 73 da 'yan kai. Da muka auna yadda yake hawa, 66 muka samu. Ya sauke sirdin ne don tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa yana zaune, yadda duk muka koya a kan keken Rali na iyayenmu. A zuwa kasuwa wannan ba komai, amma mutum ya yi kilomita arba'in gwiwa a lanƙwashe, kamar ya hau bene a tsugune ne. Wannan gyaran sifana ɗaya ya ci.

Sai ya ce, "To Kawu, nauyin fa? Na abokina da yatsa biyu ake ɗaga shi."

Muka rataya keken a sikelin da ake auna kaji: kilo goma sha ɗaya da rabi. Sabon keken alminiyam irin wanda aljihunsa zai iya kaiwa yakan yi tara da rabi zuwa goma. Mu ce bambancin kilo biyu. Shi kansa kilo 79 ne, ga keke, ga gorar ruwa, ga takalmi, duka sun haura casa'in. Kilo biyu a cikin casa'in da wani abu, kashi biyu ne cikin ɗari. A hawa mai tsauri, inda nauyi ya fi yin tasiri, in zai yi minti talatin yana hawa, abin da zai rage bai kai minti ɗaya ba. Na tambaye shi minti nawa ake jiransa a bakin gari. Ya sosa ƙeya ya ce kamar goma sha biyar. Ban ce komai ba, na dai dubi cikinsa, ya gane.

Amma fa ba duka laifin nasa ba ne, kuma a nan na ba shi gaskiyarsa. Giyar keken ta 'yan tsere ce, ta masu cinya. Faranti biyu ne a gaba, mai haƙora 52 da mai 42, a baya kuma guda biyar, daga 14 zuwa 24. Mafi sauƙin giyarsa ke nan 42 da 24: duk zagayen feda ɗaya sai ya tura kansa da keke kimanin mita 3.7. Abokansa masu kekunan zamani suna da 34 a gaba da 32 a baya, zagaye ɗaya wajen mita 2.3. Ma'ana, a tudun da su suke zaune suna juya ƙafa da sauri suna hira, shi yana tsaye a kan feda yana kokawa, kowane taku kamar ɗaga buhu. Jos kuma tana kan tsaunin da ya kai mita 1,200, duk inda ka gangara sai ka biya a dawowa. Da a Kano ko Maiduguri yake, da wannan giyar za ta iya kai shi shekara bai yi kuka ba.

Haka birki. Ƙafar gaba rim ɗinta alminiyam ne, amma ta baya wani can a Turai ya taɓa musanya ta da ta ƙarfe mai ƙyalli. Rim ɗin ƙarfe yana da kyau a ido, a rani kuma yana tsayawa, amma da zarar ruwa ya jiƙa shi sai ka matse birki keke ya ci gaba da tafiyarsa kamar bai ji ba. Robobin birkin kuma sun bushe sun zama kamar dutse. A garin da ake ruwa daga Afrilu har Oktoba, wannan ba abin wasa ba ne.

Hanya uku ce a gabansa: ya sayi sabo, ya zamanantar da tsohon, ko ya gyara shi a yadda yake, kuma wadda ya fi ƙauna bayan na hana shi hotuna ita ce ta tsakiya: a bar firam ɗin tunda na yaba shi, a cire komai a zuba masa kayan zamani, giya a hannun birki da faranti goma a baya. Ya gani a intanet, sun yi kyau ƙwarai. Ita ce kuma wadda na fi ƙi, musamman a kan keken Faransa na wancan zamani.

Faransawa a lokacin da nasu awon suke aiki. Kusan duk inda tiredi yake a jikin keken, wato haƙoran da ake murɗa noti a kansu, ya saɓa da na Ingila wanda Japanawa suka bi har ya zama na kowa. Cibiyar feda milimita 35 ce, kuma kofinta biyu duk dama suke ɗaurewa, alhali a na Ingila kofin ɓangaren sarƙa hagu yake ɗaurewa. Sandar kai milimita 22.0 ce, ta sauran duniya 22.2. Tiredin feda daban, na firiwil, wato farantan giya na baya, daban, na wuya daban. Hatta abin zare hannun feda na kamfanin Stronglight da ke jikinsa, faɗinsa ya fi na yau, in ka sa na yau sai ya kwashe tiredin. Bambancin duk ƙanƙani ne, kuma nan haɗarin yake: abu zai shiga zagaye biyu kamar ya dace, a na uku ya cije.

Na ga wannan da idona ranar da muka kai shi wurin wani dattijo mai gyaran keke, mutumin da ya iya aikinsa, ya fi shekara talatin yana yi. Cibiyar na ɗan girgiza, ya kwance ta, ya jawo wani sabon kofi daga gwangwani ya fara ɗaurawa. Ya shiga kaɗan ya tsaya. Sai na ga ya miƙa hannu wajen babbar sifana da guntun bututun da yake ƙara mata tsawo.

Na ce, "Baba, don Allah dakata. Wannan tiredinsa ba irin namu ba ne."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Malam, keke ai keke ne. Tsatsa ce ta riƙe shi."

Na roƙe shi ya fito da shi ya haɗa da tsohon, haƙori da haƙori. Ya ɗaga su sama wajen haske, ya jujjuya, ya yi shiru. Can ya ce, "Ikon Allah. Nasara da neman magana." Da ya danna sifanar nan sau ɗaya, da firam ɗin ya tashi daga aiki. Tsoffin kofunan kuwa lafiyarsu ƙalau, 'ya'yan boris ne suka cinye. Aka wanke da kananzir, aka zuba sababbi masu rubu'in inci, goma sha ɗaya kowane ɓangare, irin dai waɗanda ke cikin kowane keken kasuwa, aka cika da giris. Girgiza ta ɓace.

To a kan irin wannan firam ne yake so a ɗora kayan zamani. Sai an buɗa ƙafafun firam na baya daga milimita 120 zuwa 130, sai sababbin ƙafafu biyu, sai hannuwan birki masu giya waɗanda su kaɗai sun fi kuɗin da ya sayi keken, sai cibiya ta musamman mai tiredin Faransa da za a yi odarta daga waje a yi wata ana jira, sai kai da sandarsa. In ka tara, ka sayi keken zamani na hannu sukutum, har da canji. Kuma a ƙarshe abin da za ka samu bai kai na zamani sauƙi ba, ya kuma rasa abin da ya sa tsohon ke da daraja. Wanda ya daɗe a harkar, yana da keke biyu ko uku, yana son wasa da sifana, ya yi abinsa, sha'awa ce. Wanda keken nan ne kaɗai gare shi kuma sati uku ke nan da farawa, gudun gara zai yi ya faɗa gidan zago.

Bari in ɗan kauce, don akwai wata magana da ake yawan yi wadda rabinta ne gaskiya: wai keken ƙarfe ko ya karye kowane mai walda zai gyara. Keken kasuwa, e. Wannan kuwa an haɗa shi ne da narkakkiyar tagulla a cikin gwiwoyin ƙarfe, bututun kuma siriri ne. Mai waldar lantarki da ya saba da ƙofa da taga, yana taɓa shi zai huda. In ta kama dole, mai waldar gas ake nema, mai haƙuri, irin masu gyaran lagireto.

Sayen sabo kuma ban hana shi don sabo ba shi da kyau ba. Na hana shi ne don bai san abin da zai saya ba tukuna. Na tambaye shi faɗin tayar da yake so, bai sani ba. Tsawon firam, bai sani ba sai yau. Tsere yake so ya shiga ko doguwar tafiya, ko ma nan da wata uku zai ci gaba da tashi da asuba, duk bai sani ba. Na san gidaje da yawa a garin nan da keke mai tsada ke rataye a sito, an hau shi sau biyar.

Don haka muka ɗauki ta uku: a gyara shi a yadda yake, a kashe kuɗi kawai a inda lafiyarsa da ransa suke.

Muka nemo ƙafar baya ta hannu mai rim ɗin alminiyam, wadda tiredinta na kowa da kowa ne. Da jifa ɗaya mun rabu da rim ɗin ƙarfe, mun kuma rabu da firiwil ɗin Faransa. Faɗinta milimita 126 ne, don haka muka buɗa ƙafafun firam ɗin da katako a hankali, milimita uku kowane gefe, muna yi muna duba zare. Ƙarfe ne kaɗai ke yarda da wannan. Alminiyam ko kabon, wato abu mara nauyi da ake ƙera kekuna masu tsada da shi, ka gwada musu sai su tsage. Muka ɗaura firiwil mai faranti shida, 14 zuwa 28, da sabuwar sarƙa. Robobin birki sababbi, wayoyin birki da na giya sababbi har da rigunansu. Birkin kansa, Mafac ne mai jan tsakiya, ban taɓa shi ba, don da sabuwar roba yana kamawa sosai. Sai dai muka ɗan karkata robobin yadda gabansu zai riga bayansu taɓa rim, kukan da yake yi kamar an taka kare ya daina. Sandar kai na goge ta tas na duba ko akwai tsaga, don tsohon alminiyam ba ya yin gargaɗi kafin ya karye. Babu.

Taya ta ba mu 'yar wahala. Na aike shi kasuwa, ya dawo da guda biyu da aka ce masa "tayar babban keke, lamba 28". Ya ɗora a rim, sai ga ta tana lilo kamar rigar aro. Tayar Rali da Phoenix ce, wadda bakinta milimita 635 ne. Nasa 622 ne, wanda ake kira 700C. Akwai kuma ta uku, 630, mai lamba 27, ta tsoffin kekunan tseren Ingila da Amurka, wadda ita ce ta fi wuyar samu a nan. Abin haushin, wasu Turawa ita ma 622 ɗin 28 suke rubuta mata. Na nuna masa 'yan ƙananan lambobin da ke gefen kowace taya, na ce daga yau su zai riƙa karantawa, ya manta da inci. A nan ya yi sa'a da keken ya zama na Faransa, don 622 ita ce ta duk kekunan tseren yau. Muka sa masa mai faɗin milimita 28 maimakon siririyar da ya zo da ita, kuma akwai sauran fili ko 32 zai sa. A titinmu mai ramuka da tsakuwa, faɗin taya ya fi komai sauya yadda keke ke ji a jiki. Sai ɗan ƙaramin abin ɗaurawa a kan bawul, don siririn bawul ɗin keken tsere ba ya shiga bakin injin mai faci. Sai hular kwano, wadda na ce in babu ita kada ya sake zuwar min gida a kan keke.

Duk abin da ya kashe, har da hular, ya yi kusan daidai da kuɗin da ya sayi keken, bai kuma kai rubu'in mafi arha a cikin hotunan wayarsa ba. Muka yi yarjejeniya: ya hau shi damina guda cur, sau uku a sati, sannan mu sake zama.

Sati biyu ya dawo ya ce 28 ɗin ma ba ta ishe shi ba. Na yi masa gardama, daga baya na bi shi wata Asabar na ga yadda yake haki a hawan ƙarshe, na janye. Muka sauya zuwa firiwil mai 14 zuwa 34, irin na kekunan hawan dutse masu arha da suka cika kasuwa, tare da abin sauya giyarsu mai dogon hannu. Zagaye ɗaya ya sauko zuwa mita 2.6. A ido bai yi kyau ba, faranti kamar murfin tukunya a bayan siririn keke, kuma tsalle daga 24 zuwa 34 babba ne. Wani mai son tsoffin kekuna zai ce mun ɓata shi. A Italiya akwai taron L'Eroica da ake yi a Gaiole tun 1997, inda ba a shiga sai da keken 1987 ko kafin nan, ko wanda aka ƙera a irin salon wancan zamani, can ne ake duba irin wannan. Mu tudun Jos muke dubawa. Abin da ya sa haɗin ya yiwu kuwa shi ne 'yan sandunan giyar da yake rainawa, waɗanda ke jikin firam. Ba su da ƙas-ƙas, jan waya kawai suke yi sai ka ji sarƙa ta zauna, don haka ba ruwansu da kamfani ko yawan faranti. Tun da kamfanin Shimano ya kawo giya mai ƙas-ƙas a 1984, ya kuma mayar da ita cikin hannun birki a 1990, komai ya koma sai da ɗan'uwansa. In irin wannan hannun ya lalace a nan, ba mai buɗe shi. Sai ka jira wani keken ya mutu ka gada.

Amma waɗannan sandunan ne dai suka kayar da shi, kuma ba zan ɓoye ba tunda ni na ce ya riƙe keken. A wata na uku, suna tafe a jere, ya sauke hannun dama zai sauya giya, mai Keke Napep ya yanko gabansu ba sigina. Na gabansa ya taka birki, shi kuwa hannunsa ɗaya na ƙasa. Ya ɗauko shi a makare, ya goga tayar na gaba, ya zube a gefen titi. Gwiwar hannu ta ɗaye, wando ya yage, hular ta yi aikinta. Da giyarsa a hannun birki take, mai yiwuwa da bai faɗi ba. A tafiyar rukuni da cunkoson gari, keken zamani ya fi, ba ja. Birkinsa ma ya fi kamawa da ɗan matsi kaɗan, wurin ɗora hannu kuma ya fi faɗi da daɗi. Abin da na iya yi masa kawai shi ne in koya masa ya riƙa duban gaba ya sauya giya tun kafin ya buƙace ta, kuma kada ya sauke hannu yana manne da bayan wani.

Da damina ta ɗauke muka zauna kamar yadda muka yi alkawari. Ya sauke kilo biyar, wato fiye da ninki biyu na abin da sabon keke zai rage masa. Gwiwa ta daina ciwo tun satin farko. A hawan dawowa yanzu yana tsakiya, akwai masu kabon biyu da yake bari a baya, kuma na lura ba ya gajiya da ba da wannan labarin. Ya iya facin tub a bakin hanya, ya iya auna sarƙa da rula, ya san in inci goma sha biyu ta ƙaru da ɗaya bisa goma sha shida lokacin sauyawa ya yi, musamman da ƙurar hunturu ke shigowa.

Har yanzu yana son keken zamani, kuma yanzu ban hana shi ba. Watan jiya aka kira shi ya ga wani na alminiyam, ɗan Kwatano, mai giya a hannu, farashi mai sauƙi. Ya tafi shi kaɗai da tef a aljihu. Da yamma ya kira ni.

"Kawu, na bar musu. Firam ɗin 58 ne, kuma ko taya 28 ba za ta wuce ƙarƙashin birkin ba, 25 ce iyakarsa. Na kuma ga wani ɗan layi a fenti kusa da wuya, ban yarda da shi ba."

Na ce to madalla, sai me?

Ya ce ya shiga adashi a ofis, kwasarsa sai watan bakwai, kuma ko ya saya ba zai sayar da Fijo ba, da shi zai riƙa zuwa aiki tunda ɓarawo ba ya waiwayarsa. Sannan ya ce kofin cibiyar nan na dama ya sake kwancewa, karo na biyu ke nan, ko zan ara masa babbar sifanata ranar Juma'a bayan masallaci.